Rumbun BCH: hanyoyin da ƙasa ke bi ta sanar da duniya hukuncinta kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta

A watan Janairun 2019, Hukumar Kula da Amincin Fasahar Halittu ta Ƙasa, wato NBMA, wadda hedikwatarta ke Abuja, ta amince a fitar da waken da aka sauya wa ƙwayoyin halitta domin ya jure wa tsutsar nan mai huda kwanson wake. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samarun Zariya ce ta samar da shi, kuma a watan Disamba na shekarar aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T. An sanya hannu kan takardar a Abuja, amma hatsi ba ya tsayawa a inda aka sanya masa hannu. Daga Dawanau buhuna kan kama hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni. Masara ta fi fita ta waɗannan hanyoyi, wake kuwa ya fi shigowa, sai dai iri yana bin aljihun manomi duk inda ya nufa. Jami'in da ke zaune a Yamai ko Kwatano yana da haƙƙin ya san abin da aka amince da shi a Najeriya, da dalilin amincewar, ba tare da ya jira labari ya iso shi ta bakin direbobi ba.

Domin wannan buƙata aka kafa wani rumbun bayanai na duniya da ake taƙaita sunansa da BCH, wanda ke kan intanet a adireshin bch.cbd.int. Kowa yana iya shiga ya karanta kyauta. Tambayar da ke gaban kowace ƙasa ita ce ta wace hanya, kuma da wace manhaja, bayananta za su isa cikinsa.

Asalin wajabcin

Rumbun ya samo asali ne daga Yarjejeniyar Cartagena, wadda reshe ce ta babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare nau'o'in halittu. Ta ɗauki sunan birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya, inda aka so kammala ta a 1999 amma tattaunawa ta watse. Sai a ranar 29 ga Janairun 2000 aka amince da ita a Montreal ta ƙasar Kanada, ta kuma fara aiki a ranar 11 ga Satumban 2003. Najeriya ta sanya hannu a 2000, ta tabbatar da shigarta a 2003. Ƙasashe fiye da 170 ne ke cikinta, har da dukan maƙwabtanmu huɗu: Nijar, Benin, Chadi da Kamaru. Wasu manyan masu noman irin waɗannan amfanin gona, kamar Amurka da Ajantina da Kanada, ba sa ciki.

Sashe na 20 na yarjejeniyar ne ya kafa rumbun, ya kuma fayyace abin da kowace ƙasa za ta zuba a ciki: dokokinta da ƙa'idojinta, yarjejeniyoyin da ta ƙulla da wasu ƙasashe kan wannan batu, taƙaitaccen rahoton binciken haɗari da ta gudanar, hukuncinta na ƙarshe kan shigo da wata halitta da aka sauya ko sakinta a gonaki, da rahotannin da take miƙawa lokaci-lokaci kan yadda take aiwatar da yarjejeniyar. Sashe na 11 ya fi tsanani. Idan ƙasa ta yanke hukunci kan wani amfanin gona da aka sauya, wanda zai iya ƙetare iyaka a matsayin abinci ko abincin dabbobi ko kayan sarrafawa, kwana 15 kacal take da su ta sanar da sauran ƙasashe ta cikin rumbun. Haka nan idan wata halitta ta tsallaka iyaka ba da niyya ba, ko aka kama an shigo da ita ba bisa ƙa'ida ba, dole a kai labarin can.

Akwai abin da mai neman izini zai iya roƙo a ɓoye masa saboda sirrin kasuwanci. Amma sashe na 21 ya ware abubuwa huɗu da ba a yarda a ɓoye ba: suna da adireshin mai neman izinin, bayanin halittar a dunƙule, taƙaitaccen binciken haɗarinta, da tsarin da za a bi idan an shiga halin gaggawa.

A gida, nauyin yanke irin wannan hukunci yana kan NBMA, wadda aka kafa da dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Afrilun 2015, Dakta Rufus Ebegba ya zama shugabanta na farko. A 2019 aka yi wa dokar gyara domin ta haɗa da sababbin fasahohi irin su gyaran ƙwayar halitta kai tsaye. Daga kafuwarta ta ba da izinin audugar Bt a 2016, da waken da aka ambata, da masarar TELA a 2021, wadda aka yi wa nau'o'inta huɗu rajista a Janairun 2024 da sunayen SAMMAZ 72T zuwa 75T. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce irin bayanin da aka gina rumbun dominsa ne.

Yadda bayani ke zama a cikin rumbun

Kafin a zo kan manhaja, ya kamata a fahimci cewa rumbun ba akwatin jefa takardu ba ne. Kowane bayani yana da fom ɗinsa mai gurabe tsayayyu, iri ɗaya ga dukan ƙasashe. A gurabe da yawa ba a barin mai cikewa ya rubuta abin da ya ga dama. Zaɓa yake yi daga jerin kalmomin da aka riga aka tantance. Amfanin wannan shi ne, rumbun yana aiki da harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci, kuma kalmar da aka zaɓa daga jeri tana fitowa a kowanne daga cikinsu. Jami'in Abuja ya cike da Ingilishi, takwaransa na Yamai ya bincika da Faransanci, su haɗu a kan bayani guda. Wanda ya taɓa aikin fassara ya san girman wannan sauƙi, ya kuma san iyakarsa: dogon bayanin da aka rubuta da hannu, da takardun da aka maƙala, suna nan a harshen da aka shigar da su.

Abu na biyu shi ne lambar shaida. Amfanin gona ɗaya yana iya samun sunaye goma a kasuwanni goma, don haka aka ɗauki tsarin da ƙungiyar OECD ta fitar a 2002, wanda ke ba kowane sauyi lamba guda da ba ta canzawa. Audugar Bollgard II, wadda ita ce aka amince da ita a nan, lambarta MON-15985-7. Haruffan farko na mai fasahar ne, na tsakiya na sauyin da aka yi, na ƙarshe kuwa na tantancewa ne. Ana mayar da haruffa lambobi bisa matsayinsu a abacada, M ya zama 13, O ya zama 15, N ya zama 14, a tara su da sauran lambobin a sami 70, sannan 7 da 0 su ba da 7. Idan magatakarda ya yi kuskuren harafi ɗaya, galibi lissafin ba zai fita ba, kwamfuta kuma za ta gane. Ta waken Zariya ita ce AAT-7Ø9AA-4, inda ake ja wa sifiri layi domin kada a ɗauke shi harafin O. Manhajar da ba ta san da wannan lamba ba, ko ta bar ta a matsayin gurbin da za a iya tsallakewa, ta riga ta raba bayanin ƙasa da sauran bayanan duniya kan halittar.

Na uku shi ne wanda ke da ikon wallafawa. Kowace ƙasa tana naɗa jami'i guda a matsayin wakilinta na rumbun. Wasu ma'aikata, waɗanda wakilin ya ba izini, suna iya shirya daftari, amma babu bayanin ƙasa da zai fito fili sai shi ya duba ya amince. Sakatariyar yarjejeniyar da ke Montreal ba ta gyara wa ƙasa hukuncinta. Abin da take tantancewa shi ne bayanan gama-gari, irin su rajistar halittun da aka sauya da ta ƙwayoyin halitta, waɗanda kowa ke jingina da su.

Hanyoyin da ake da su

An fara gwajin rumbun a 2001, aka kuma amince da ƙa'idojin aikinsa a taron farko na ƙasashen yarjejeniyar a Kuala Lumpur, a Fabrairun 2004. Tun daga lokacin, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, tare da asusun muhalli na GEF, suka yi ta horar da jami'an ƙasashe masu tasowa kan zaɓin da ke gabansu. Manhajoji sun sauya sau da yawa, amma zaɓin bai wuce amsar tambaya ɗaya ba: a ina asalin bayanin zai zauna, a Montreal ko a gida?

Hanya mafi sauƙi ita ce shigarwa kai tsaye. Jami'i ya buɗe shafin rumbun, ya shiga da sunansa da kalmar sirri, ya cike fom, ya maƙala takardar izini da rahoton binciken haɗari, wakilin ƙasa ya amince, shi ke nan. Ba a sayen komai, ba a ɗaukar injiniya. Idan sakatariya ta sauya fasalin fom, sauyin yana zuwa da kansa. Rauninta shi ne, idan ƙasa tana da nata shafin, sai an yi aiki biyu, kuma inda aka yi aiki biyu nan kwafi biyu ke fara saɓa wa juna.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar intanet mai ƙarfi: a sauke fom, a cike shi a kwamfuta, wakilin ƙasa ya sa hannu, a aika wa sakatariya ta shigar. An tanade ta ne a lokacin da ofisoshin gwamnati da yawa a Afirka ba su da layi, har yarjejeniyar kanta ta ce a riƙa aika kwafin takarda ga ƙasar da ta sanar cewa ba ta iya shiga rumbun. Ga ofishin da ke Abuja a yau, wannan ta ranar larura ce.

Hanya ta uku ta juya al'amarin. Bayanin yana zaune a rumbun duniya, amma ana nuna shi a shafin ƙasa. A shekarun baya sakatariya ta samar da kayan aiki biyu domin haka. Ɗaya shi ne Hermes, manhajar da ke ba ƙasa damar gina shafinta a kan kwamfutocin sakatariya, ta sa tambarinta da labaranta, ba tare da ta mallaki na'urar ajiya ko ɗaya ba. Ɗayan kuma ƙaramin ƙari ne mai suna Ajax, 'yan layukan umarni da ake dasawa a cikin shafin da ƙasa ta riga ta mallaka, su riƙa jawo bayananta daga rumbun suna bajewa a gaban mai karatu. Daga baya aka fito da Bioland, wadda aka gina a kan manhajar Drupal domin shafukan ƙasashe na bayanan nau'o'in halittu, kuma tunaninta iri ɗaya ne da na Hermes. A ƙarshen 2021 aka ƙaddamar da sabon dandalin BCH, don haka duk ofishin da ya gaji shafin da aka ɗora a kan tsofaffin kayan nan, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya gwada ko har yanzu suna jawo bayani. Shafin da ya daina sabuntawa ba ya yin ƙara. Yana nan da kyansa, yana nuna wa jama'a labarin da ya tsufa.

Hanya ta huɗu ita ce mafi nauyi: ƙasa ta gina nata rumbun, asalin bayani ya zauna a gida, sannan kwamfutocin biyu su riƙa magana da juna ba tare da hannun mutum ba. A tsohon tsari ana yin haka ta fuska biyu. Ko dai rumbun ƙasa ya tura bayani zuwa Montreal duk lokacin da aka wallafa sabo, ko kuma ya ajiye shi a wani fasali da aka yarda da shi, mai suna XML, rumbun duniya ya riƙa zuwa yana kwasa. A yau ƙofar da manhajoji ke bi su gana da juna ita ake kira API, kuma sakatariya tana da tata. Wannan hanya ta dace da ƙasar da hukumomi da yawa ke yanke hukunci, ko wadda takardunta ke da yawan da cike fom ɗaya bayan ɗaya zai zama wahala. Sai dai farashinta ba ya ƙarewa ranar ƙaddamarwa. Kowane gurbi na rumbun gida dole ya yi daidai da takwaransa na duniya, kuma duk ranar da aka sauya fom a can, sai an sami wanda zai gyara a nan. Ana buƙatar na'urar ajiya, da wutar da ba ta yankewa, da tsaro daga masu kutse, da kasafin da zai riƙa fitowa kowace shekara bayan kuɗin tallafin da aka fara aikin da shi ya ƙare.

Wacce ta dace da Najeriya

A nan akwai hujja mai ƙarfi ta ɓangaren gina rumbun gida. Ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 sun buƙaci a riƙa ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, kuma akwai kamfanin Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya da aka kafa domin irin wannan hidima. Bayan haka, fayil ɗin neman izini ya ƙunshi abubuwa da yawa da ba na duniya ba ne: sirrin kasuwancin mai nema, rahotannin sufetocin da ke zagaya gonakin gwaji, da wasiƙun kwamitoci. Waɗannan gida ne mazauninsu, babu ja a kai.

Amma abin da yarjejeniya ta ce a kai BCH bayani ne da aka yi shi domin a bayyana, babu sirrin da za a tsare a cikinsa. Kuma hukunce-hukuncen da ƙasa irin tamu ke yankewa a shekara ba su kai yawan da zai gagari ma'aikata biyu ko uku da suka san aikinsu ba. A ganina, gina gadar kwamfuta zuwa kwamfuta domin wannan adadi sayen tirela ne saboda buhu biyar. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa ta farko da ta uku: a shigar kai tsaye a rumbun duniya, shafin hukuma kuma ya riƙa jawo bayanin daga can. Ta haka kwafi ɗaya ne tak, abin da ɗan jarida ya gani a Kaduna shi jami'in kwastan zai gani a Yamai. Idan wata rana yawan aiki ya kai, ƙofar API tana nan.

Inda aka fi samun tangarɗa a ƙasashe da yawa ma ba a manhaja ba ne. Wakilin ƙasa ya yi ritaya ko an sauya masa wurin aiki, ba a sanar da sakatariya magajinsa ba, daftari ya taru babu mai amincewa. Ko an buɗe asusun da imel ɗin mutum na kansa, ya tafi da shi. Ko kuma sashen da ke ba da izini bai ɗauki sanar da rumbun a matsayin wani ɓangare na ba da izinin ba, sai takarda ta fita, kwana 15 su wuce, ba wanda ya tuna. Maganin waɗannan na tsarin ofis ne: adireshin imel na hukuma, mataimaki fiye da ɗaya mai izinin shirya daftari, da ƙa'idar cewa ba a rufe fayil sai an rubuta lambar bayaninsa na BCH a bangonsa.

Ya kamata a tuna kuma cewa BCH ba shi kaɗai ba ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da nata dandalin na binciken lafiyar abincin da aka sauya, OECD ma tana da rumbunta mai suna BioTrack. Lambar shaidar nan ce zaren da ya ɗinke su, wanda ya riƙe ta zai iya bin halitta guda daga wannan rumbu zuwa wancan.

Abin da mai karatu zai samu a ciki

Muhawara kan waɗannan iri ta yi zafi a Najeriya. Ƙungiyoyi irin su HOMEF, ƙarƙashin Nnimmo Bassey, sun daɗe suna adawa da su, masana kimiyyar noma na Zariya da wasu cibiyoyi suna kare su, kuma a 2024 batun ya kai zauren Majalisar Wakilai. Rumbun ba ya raba wannan gardama, bai kuma ce wani iri yana da kyau ko muni ba. Abin da yake bayarwa shi ne takardar kanta: wane ne ya nema, wace ƙwayar halitta aka dasa, me aka bincika, wane sharaɗi aka gindaya, a wace rana. Mai goyon baya da mai adawa duka sun fi ƙarfin hujja idan daga nan suka fara, maimakon saƙon murya da ke yawo a WhatsApp.

Wanda ke son dubawa sai ya shiga shafin, ya nemi jerin ƙasashe, ya zaɓi Najeriya. Zai ga hukumar da ke da alhaki, da dokoki, da hukunce-hukunce da rahotannin binciken haɗarin da aka shigar, kowanne da ranar da aka wallafa shi. Yana iya rubuta lambar shaidar wata halitta ya ga ƙasashen da suka yanke hukunci a kanta. Wake ɗin nan na Zariya, alal misali, Ghana ma ta amince da shi a 2022. Abin lura shi ne, rashin ganin bayani a rumbun ba hujja ba ce cewa ba a yanke hukunci ba. Yana iya nufin ba a shigar ba tukuna. A irin wannan hali, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya nema.

Saura batun harshe, wanda shi ne babban dalilin da ya sa shafin ƙasa ke da amfani ko da rumbun duniya yana nan. Hausa ba ta cikin harsuna shidan, alhali mafi yawan masu shuka wake da auduga da masara a Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Kaduna da ita suke karatu da sauraro. Fom ɗin Montreal ba zai sauya saboda su ba. Amma shafin da hukuma ke iko da shi yana iya ɗaukar shafi guda na Hausa a gefen kowane hukunci, mai faɗin sunan irin a kasuwa, da lambarsa, da ƙwarin da yake jurewa, da waɗanda ba ya jurewa, domin waken SAMPEA 20-T ma yana buƙatar feshi saboda sauran ƙwari, sai dai an rage yawansa. Ma'aikatan faɗakar da manoma da gidajen rediyon jihohi za su iya ɗauka daga nan su karanta.